Ayar da Muke Tsallakewa Ranar Ɗaurin Aure

Duk wanda ya saba zuwa ɗaurin aure a majami'un Hausa na birnin Kano, daga Sabon Gari zuwa Badawa da Birged, ya san yadda ranar take tafiya tun kafin ya sami wurin zama a benci. Matan zumunta za su shigo cikin anko suna kaɗa tulu da caki, mawaƙa su yi nasu, sannan mai wa'azi ya hau bagade ya ce a buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 5. Kusan kullum daga aya ta 22 ake farawa, inda aka ce mata su yi biyayya ga mazansu kamar ga Ubangiji. A wani aure da na halarta bara, da yake ni mutum ne mai yawan duba agogo, na lura mai wa'azin ya shafe kusan minti arba'in a kan amarya: yadda za ta gaida miji da safe, yadda za ta kula da tukunya, yadda za ta riƙe harshenta, da yadda ba za ta bar takardar digirinta ta hau mata kai ba. Da ya juya kan ango kuwa, ko minti biyar bai cika ba, rabinsu ma raha ce a kan kuɗin cefane da atamfar Kirsimeti. Jama'a suka yi dariya, aka tafa, aka wuce zuwa musayar zobe.

Ni Kirista ne, a Kano aka haife ni, a nan aka yi mini baftisma, a nan na yi aure, na kuma yi shekaru ina riƙe da littafin rubuta bayanan taron dattawa a wata ikilisiya. Ba na cikin masu jin kunyar wannan aya, ba na kuma neman a kankare ta daga Littafi Mai Tsarki domin a faranta wa zamani rai. Ƙorafina shi ne mun zare ta daga cikin 'yan'uwanta, mun cika ta da ma'anar da muka gada daga kakanni da unguwa, sannan muka jibga wa mace ita kaɗai kayan da nassin ya fi ɗora wa namiji.

Mu fara da abin da ke rubuce. Aya ta 21, wadda take manne da ta 22, cewa ta yi masu bi su yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Mutane da yawa ba sa ganinta, domin a wasu bugu na Littafi Mai Tsarki an sa kanun da ke cewa maganar mata da maza ce a tsakanin ayoyin biyu, sai ido ya ɗauka an rufe wani zance an buɗe sabo. To amma Bulus bai rubuta kanu ba, bai kuma sa lambobi ba. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari da muke amfani da su yau, wani Bafaranshe mai buga littattafai, Robert Estienne, shi ya tsara su a 1551, kimanin shekara dubu ɗaya da ɗari biyar bayan an rubuta wasiƙar. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a cikin wasu daga tsofaffin kwafin Helenanci da suka fi daɗewa, har da wanda masana ke kira Papyrus 46, da aka rubuta wajen shekara ta 200, aya ta 22 ba ta da kalmar aikatau tata ta kanta. Abin da ke wurin kawai shi ne, mata ga mazansu, kamar ga Ubangiji. Kalmar biyayyar aro ta yi daga aya ta 21. Ashe ke nan wanda ya fara karatu daga 22 ya kama jimla ne daga tsakiyarta, kamar mai shiga zance bayan an wuce sallama da gabatarwa, ya kuma tashi ya kai labari gari.

Sai kuma rabon maganar. Ayoyi uku ne, daga 22 zuwa 24, aka fuskanci mace da su. Daga 25 har zuwa 33 kuwa, in ban da 'yar gajeruwar tunasarwa a ƙarshe cewa mace ta girmama mijinta, duk namiji ake yi wa magana. Abin da aka ce masa kuma ba ƙarami ba ne: ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta, ya ciyar da ita, ya kula da ita kamar jikinsa. Na bi Sabon Alkawari daga farko zuwa ƙarshe ban ga inda aka ce wa miji ya sa matarsa ta yi biyayya ba. Ita aka yi wa magana, a matsayinta na mai hankali da 'yanci a gaban Allah, abin da za ta bayar kuma kyauta ce daga hannunta. Kyautar da aka ƙwata da mari kuwa ta tashi daga sunan kyauta. A wasiƙar Kolosiyawa 3:19 an gargaɗi maza kada su muzguna wa matansu, a 1 Bitrus 3:7 kuma an ce su ba su girma a matsayin abokan gādon alherin rai, don kada addu'arsu ta sami cikas. Ban taɓa jin an tsaya a bagade ranar aure an gaya wa ango a fili cewa wulaƙanta wannan yarinya zai iya toshe masa addu'a ba, alhali haka aka rubuta.

Za a ce mini ai an kira miji kai, kamar yadda Almasihu yake kan ikilisiya. Haka ne, ban musa ba. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko kalmar tana nufin mai iko ko tana nufin tushe, ni kuwa ba na bukatar a yanke wannan muhawara kafin in gane inda maganar ta dosa, domin wanda aka ba mu a matsayin misali ya riga ya nuna yadda yake riƙe da nasa shugabancin. A Yahaya sura ta 13 ya tuɓe mayafi, ya yi ɗamara da tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi a gidajen wancan zamani. A Markus 10 kuma ya gaya musu sarakunan al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma a tsakaninsu ba haka za ta kasance ba. Namijin da ke son a kira shi kai da wannan ma'ana, sai ya fara neman inda tawul yake.

Ya kamata kuma mu tuna da duniyar da aka aika wa wasiƙar. Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Almasihu, Aristotle ya tsara gida a kan dangantaka uku, wato miji da mata, uba da 'ya'ya, ubangida da bawa, a ko'ina kuma namiji ne mai mulki. Dokar Romawa ma ta ba uban gida iko mai faɗi ƙwarai a kan iyalinsa. Saboda haka ba wanda zai yi mamaki a birnin Afisa don an ce mace ta bi mijinta, wannan kowa ya san shi tun yana goye. Abin da zai sa mazan Afisa su gyara zama shi ne jin cewa su ne za su ba da ransu, da kuma abin da Bulus ya rubuta wa Korantiyawa a sura ta 7 aya ta 4, cewa kamar yadda mace ba ta da iko da jikinta sai mijinta, haka shi ma mijin ba shi da iko da jikinsa sai matarsa. Yohanna Kirisostom, babban mai wa'azin nan da ya rasu a shekara ta 407, wanda ba wanda zai zarge shi da bin ra'ayin Turawan zamani, ya faɗa a wa'azinsa kan Afisawa sura ta 5 cewa abokiyar rayuwa kuma uwar 'ya'ya ba a ɗaure ta da tsoro da barazana, ya kuma tambaya wane irin zama ne wannan da mace ke rawar jiki in ta ga mijinta.

Mu kuwa a nan, da muka ji kalmar biyayya, abin da kunnenmu ke kawo mana shi ne gargaɗin da gwaggo ke yi wa amarya daren kai ta ɗaki: yi na yi, bari na bari. Wannan gargaɗi ya girmi zuwan bishara ƙasar Hausa, muna kuma tarayya a cikinsa da maƙwabtanmu Musulmi da danginmu na ƙauyukan Rano da Sumaila da Tudun Wada. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmar ta shigo ta tarar da wannan ma'ana a zaune tana jiranta. Haka ma kalmar mataimakiya ta Farawa 2:18, da muke jin ta kamar an ce 'yar aiki ko yaron shago, alhali kalmar Ibrananci da ke ƙarƙashinta an fi amfani da ita ga Allah kansa, kamar a Zabura 121 inda mai zabura ke cewa taimakonsa daga wurin Ubangiji yake zuwa. Masu kafa hujja da Farawa 3:16 kuma, inda aka ce miji zai mallaki matarsa, sukan manta cewa wannan magana tana cikin jerin abubuwan da zunubi ya jawo, tare da naƙuda mai tsanani da ƙasa mai fid da ƙaya da sarƙaƙƙiya. Ban taɓa ganin manomin da ya ƙi sayen maganin feshi don an ce gona za ta fid da ƙaya ba, ban kuma ga dattijon da ya hana 'yarsa zuwa asibiti haihuwa don an ce za a haihu da wahala ba. Wannan guda ɗaya ce kawai muka ɗauka muka mai da ita umarni, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne, ita ce ta yi mana daɗi.

Da maganar ta tsaya a kan fassarar kalmomi, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa ni rubutu ya faru ne wata Lahadi da bazara, bayan an tashi sujada, a ƙaramin ofishin da ke bayan majami'a, ga zafi ga fanka a tsaye don babu wuta. Wata 'yar'uwa, malamar firamare, ta shigo da goyo, ta jawo ɗankwali ta rufe gefen fuskarta na hagu, amma kumburin ya fi ƙarfin ɗankwalin. Mijinta yana cikin masu zagayawa da kwanon baiko, mutum mai fara'a da kowa ke yabo. Babban dattijonmu ya dube ta ya ce, "'Yata, me kika yi masa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, kuɗin maganin mahaifiyata na cire daga albashina, ban gaya masa ba." Dattijo ya ce, "To kin gani. Shi ne kanki, ba ki da ikon taɓa ko sisi sai da saninsa. Durƙusa ki ba shi haƙuri." Ta durƙusa a kan siminti, tana tallafe goyon da hannu ɗaya don kada ya zame. Sannan aka juya ga mijin aka ce, "Kai kuma ɗana, ka riƙa sassauta hannu." Ba a ce ya daina ba, cewa aka yi ya sassauta. Ni kuma da nake zaune da littafi a kan cinya, na rubuta kalma biyu, "An sasanta," na rufe, ban ce uffan ba. Wata guda kafin wannan rana, mu ɗin nan ne muka sa wata yarinya a ƙarƙashin horo, muka mai da ita bencin baya, muka hana ta jibin Ubangiji, saboda ta yi ciki ba aure. Shi kuwa mutumin, Lahadin da ta biyo ya ɗauki kwanonsa ya zagaya kamar kullum.

Haƙuri abu ne mai kyau, kuma ba auren da zai kwana biyu ba tare da shi ba, tunda harshe da haƙori ma sukan saɓa. Sai dai mun mai da shi magani ɗaya tilo da ake ba kowace mace ko mene ne ciwonta, ita kaɗai kuma ake ɗura wa. Ƙasar nan duka ta girgiza a watan Afrilun 2022 da mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja, bayanai suka fara fitowa kan irin zaman da ta yi a gidan aurenta, kuma a watan Afrilun 2025 wata babbar kotu a Abuja ta sami mijinta da laifi ta yanke masa hukuncin kisa. Mun yi juyayi, mun yi wa'azin mako ɗaya ko biyu, muka koma gidan jiya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi daga miji, ko na duka ko na jima'i ko na muzgunawa, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba. Wannan lissafi bai ware Kirista da Musulmi a bakin ƙofa ba. Doka ma ta daɗe tana ba da kafa, domin kundin Penal Code da ya fara aiki a Arewa a 1960 ya zo da sashe na 55 da ya ba miji damar ladabtar da matarsa a ƙarƙashin al'ada muddin bai yi mata mummunan rauni ba, sai a 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane. A ƙarshen 2024 Sarki Muhammadu Sanusi II ya tsaya a wani taro a Jami'ar Bayero ya yi magana mai zafi kan dukan mata, har ya ce yakan gaya wa 'ya'yansa su rama idan miji ya mare su. Ko mutum ya yarda da batun ramuwar ko bai yarda ba, maƙwabtanmu suna tattauna matsalar a bainar jama'a, mu kuwa har yanzu a ofishin baya muke rufe ta.

Littafi Mai Tsarki kansa bai san biyayya marar iyaka ga ɗan Adam ba. Safiratu ta bi mijinta Hananiya a kan ƙaryar kuɗin gona, a Ayyukan Manzanni sura ta 5, Bitrus kuma bai ce mata ai umarnin miji ta bi ba, ya tambaye ta ita kaɗai, ta amsa da bakinta, ta ɗauki hukuncinta. Abigel kuwa, a 1 Sama'ila 25, ta ɗora abinci a kan jakuna ta tari Dawuda ba tare da ta gaya wa mijinta Nabal ba, ta ceci gidan gaba ɗaya, Dawuda kuma ya sa wa hankalinta albarka. Da a ofishinmu aka kawo ƙarar Abigel, ina tsoron da mun ce ta durƙusa.

Na san abin da ke damun dattawanmu, ba kuma shirme ba ne. Suna ganin aure yana mutuwa a ko'ina, suna jin maganganun da ke yawo a Facebook da TikTok masu mai da miji abokin gaba, suna tsoron in aka sassauta wannan aya gida zai zama jirgi ba matuƙi. Suna kuma da gaskiya in suka ce Bulus ya kafa maganar aure a kan halitta, tunda ya jawo ayar Farawa ta zama jiki ɗaya. Amma ko a cikin masu riƙe da shugabancin namiji da ƙarfi, irin waɗanda suka fitar da sanarwar Danvers a Amurka a 1987, an rubuta cewa maza su bar shugabanci na tsanani da son kai. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu kuma, a wasiƙarsa ta 1988 kan darajar mata, ya karanta Afisawa sura ta 5 a matsayin biyayyar juna tsakanin miji da mata. Batun naɗa mata fasto, wanda ECWA da Angilika da Katolika ba sa yi amma wasu majami'un Fentikos na Sabon Gari suke yi, wata muhawara ce daban da ba zan shiga ba a nan. Ko wane ɓangare mutum yake, ba inda aka ba shi lasisin kumbura wa 'yar mutane ido. Kuma ni a ganina, auren da mace ke zaune a cikinsa don ba ta da wurin zuwa, ba a ce ya tsira daga mutuwa ba, jana'izarsa ce kawai ba a yi ba.

Akwai kuma abin da kowa ke gani amma ba a faɗa a bagade. A gidaje da yawa na unguwanninmu, mace ce ke riƙe da rabin gida ko fiye: ita ce a rumfa a kasuwar Sabon Gari, ita ce ke sammako zuwa Yankaba sarin kayan gwari, ita ce malamar jinya mai kwana a asibiti, adashinta ne ke biyan kuɗin makaranta in watan Satumba ya kama. Mace ta Karin Magana 31 da muke yabo ranar mata, ita ma gona ta duba ta saya, ta saƙa tufafi ta sayar wa fatake, mijinta kuma ya amince da ita. Mahaifina, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi shekara shida, mahaifiyata ce ta riƙe mu da sayar da hatsi, amma ko sau ɗaya ba ta fasa durƙusawa in za ta miƙa masa abinci ba, shi kuma tun yana da lafiya ba ya yanke shawarar ko sayen akuya sai ya ce, "Bari in ji ta bakin uwar yara." Abokansa sun sha yi masa ba'a da mijin-ta-ce, yakan yi murmushi ya ce ai Ibrahim ma Allah ya ce masa ya saurari Saratu. Ban taɓa jin an yi gardamar wane ne kai a gidanmu ba, domin ba wanda yake tsoron wani.

Abin da nake roƙon shugabannin ikilisiyoyinmu ba mai wuya ba ne. Mai wa'azin aure ya fara karatu daga aya ta 21, ya kuma raba lokacinsa yadda nassin ya raba nasa. Idan mace ta zo da rauni a jiki, tambayar farko ta zama ko tana da inda za ta kwana lafiya yau da ita da 'ya'yanta, a kai ta asibiti, a kuma daina ɗaukar zuwa wurin hukuma kamar tona asirin ikilisiya. A sa dattawan mata daga zumunta su zauna a irin wannan zama, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa a gaban maza shida ba. Horon da muke saurin yi wa 'yan mata kuma, bencin bayan nan yana da faɗin da zai ɗauki mai dukan matarsa, ko da shi ne ya fi kowa ba da zakka.

'Yar ƙanwata za ta yi aure ƙarshen shekarar nan, ni ne kuma aka ɗora wa tsara sujadar tare da faston da zai ɗaura. Makon jiya na same shi a ofis na ce, "Baba Fasto, ina da roƙo ɗaya, a fara karatun daga aya ta 21." Ya ɗauko nasa Littafin, ya gyara tabarau, ya bi shafin da yatsa har ya sami ayar can sama da kanun, ya karanta ta a hankali sau biyu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Bari mu ga yadda dangin ango za su ɗauke ta." An sa ranar Asabar ta biyu a watan Disamba.